Manhajar gano tabban MS a hoton MRI: me ya sa adadin tabo ke canzawa idan an canza na'ura?

Injiniya_MRI ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon likitocin hoto da masu rubuta manhaja da ke zauren nan.

Hotuna biyu ne na majiyyaci ɗaya mai cutar MS, wato cutar nan da garkuwar jiki ke far wa rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, ta bar tabo nan da can. Tsakanin hotunan shekara ɗaya ce. Na farkon 2D FLAIR ne, wato salon hoton MRI da ke danne hasken ruwan ƙwaƙwalwa don tabo ya fito fari, kaurin kowane yanka milimita 5, da 'yar tazara tsakanin yanka da yanka, an ɗauke shi da na'ura mai ƙarfin Tesla 1.5. Na biyun 3D FLAIR ne, boksil ɗinsa, wato ɗan ƙaramin akwatin da ake harhaɗawa ya zama hoto, milimita 1 ta kowane gefe, a na'ura mai Tesla 3. An saka kowannensu a LST, manhajar zana tabban MS, ɓangarenta na LPA mai aiki da FLAIR kaɗai, sai ta fitar da tabba kusan ninki biyu a hoto na biyu, jimlar girmansu ma ta ƙaru sosai. Amma likitan da ya karanta hotunan da ido ya rubuta cewa babu sabon tabo.

Tambayoyina uku ne. Tsakanin manhajar da likitan, wa za a kama? Waɗanne gyare-gyare ne ya wajaba a yi wa hoto kafin a miƙa shi ga manhaja, kuma wanne ke gaba da wanne? Sannan da aka gwada taswirar da manhajar ta zana da wadda likita ya zana da hannu, makin Dice, wanda ke auna dacewar taswirori biyu daga 0 zuwa 1, bai wuce 0.6 ba. Wannan yana nufin manhajar ba ta da amfani ke nan? Allah ya saka da alheri.

Dokta_Hoto ta amsa:

Wa alaikumus salam, Injiniya. A kan tambayar farko, likitan za a kama, kuma ba don ido ya fi kwamfuta ba. Hotunan nan biyu ne ba su gwaduwa da juna ta fuskar lissafi. Kamar a auna mutum ne a sikeli biyu da ba a saita su tare ba, sannan a ce ya yi ƙiba.

Ga abin da ke faruwa. Tabon da ake lissafawa a MS shi ne wanda tsawonsa ya kai milimita 3 ko fiye. Idan ka ɗauke shi a matsayin ƙwallo mai faɗin milimita 3, girmansa kusan kubik milimita 14 ne. A yanka mai kaurin milimita 5, irin wannan tabo ba ya cika kaurin yankan, don haka haskensa yana cakuɗewa da na lafiyayyen naman da ke sama da ƙasa da shi, ya dusashe. Idan kuma rabinsa ya faɗa cikin tazarar da ke tsakanin yanka biyu, wannan rabin ba a ma ɗauke shi ba sam. A 3D FLAIR kuwa tabon nan yana da boksil kusan 14 nasa na kansa, ga shi Tesla 3 tana ƙara tsabtar hoto. To ƙananan tabban da suke nan tun bara sai yanzu suka fito fili, manhaja kuma ba ta san haka ba, ƙirga kawai take yi. Akwai ma akasin haka: tabba biyu da ke kusa da juna suna haɗewa su zama ɗaya a yanka mai kauri, su rabu biyu a hoto mai kyau. Nan ma adadi ya ƙaru ba tare da cuta ta motsa ba.

Shi ya sa shawarwarin haɗin gwiwa na ƙungiyoyin ƙwararrun MS, wato MAGNIMS da CMSC da NAIMS, na 2021 suka fifita 3D FLAIR mai boksil kusan milimita 1, suka ce idan dole sai 2D, to kaurin yanka kada ya wuce milimita 3 kuma ba tazara. Suka kuma nemi a riƙa bibiyar majiyyaci a na'ura ɗaya da tsari ɗaya gwargwadon iko, a kuma saita kusurwar yanka da layin da ke bin ƙarƙashin gadar da ta haɗa ɓarin ƙwaƙwalwa biyu, don hoton bana ya hau kan na bara. A halin da kake ciki, hoto na biyu shi ne sabon mafari. Da shi za a gwada na gaba.

Amma kada ka ɗauka duk ƙarin da ka gani tsofaffin tabba ne da suka bayyana. Buɗe taswirar a kan hoton ka bi ta yanka-yanka, za ka tarar da tabban ƙarya a wuraren da aka saba. Bakin ramukan ruwan ƙwaƙwalwa yana da siririn layi mai haske a FLAIR, da 'yar hula mai haske a kan ƙahonin gaba na ramukan, kuma wannan lafiya ne, musamman ga wanda ya fara manyanta. Siririn bangon da ya raba ramukan biyu, da curin jijiyoyin jini da ke samar da ruwan a cikinsu, su ma suna haske. Hanyar jijiyoyin motsi da ke gangarowa ta tsakiyar ƙwaƙwalwa takan ɗan yi haske a dama da hagu daidai wa daida, ta fi fitowa a Tesla 3. Duk abin da ya fito a ɓangarori biyu iri ɗaya sak, a yi masa kallon tuhuma, don tabban MS ba su cika jeruwa haka ba. Sannan wasu sassan ɓawon ƙwaƙwalwa, irin su insula da hifokamfas, asalinsu sun fi sauran haske a FLAIR.

Shi kuma 2D FLAIR yana da nasa ciwon: ruwan ƙwaƙwalwa yana gudu, ruwan da ba a danne siginarsa ba sai ya kwararo cikin yankan ya yi fari, musamman a rami na uku da na huɗu da mashigar Monro. Manhaja takan zana shi a matsayin tabo. 3D FLAIR yana danne ruwan kan gaba ɗaya a lokaci guda, don haka matsalar ta ragu sosai a can. Haka kuma 2D FLAIR yana da rauni a ƙeya, wajen ƙaramar ƙwaƙwalwa da kututturen ƙwaƙwalwa, inda tabo ke kuɓuce masa. A nan sai an haɗa da hoton T2, salon da ruwa ke fitowa fari a cikinsa, kafin a ce babu komai.

Mai_Lissafi ya amsa:

Dokta ta gama da tambayar farko, bari in ɗauki ta biyu.

Kafin komai, ka san abin da manhajarka ke yi da kanta. LST tana zaune ne a cikin SPM, wata babbar manhajar nazarin hoton ƙwaƙwalwa, kuma tana yin nata gyaran haske da daidaita hotuna. Idan ka cire ƙoƙon kai ka kuma daidaita haske kafin ka ba ta, ka yi aikin sau biyu, sakamakon kuma yakan lalace. Ita ɗanyen hoto take so. Haka nnU-Net, manhajar da ake horarwa ta koyi zane daga misalai, ita ke zaɓar girman boksil da yadda za ta daidaita haske daga bayanan da aka horar da ita. Tsarin da zan faɗa na wanda ke haɗa nasa layin aikin ne.

Farko a juya fayil ɗin asibiti na DICOM zuwa tsarin NIfTI da manhajojin bincike ke karantawa, da manhajar dcm2niix, a buɗe a duba da ido cewa dama tana dama, hagu tana hagu. Wannan kamar wasa ne amma kuskure ne mai muni, saboda ƙwaƙwalwa kusan iri ɗaya ce ta ɓangarorin biyu, hoton da ya juye ba ya nuna alama, sai dai rahoto ya fito da tabo a ɓarin da ba nasa ba. Idan hotunan za su bar asibiti, a goge sunaye daga kan fayil, a kuma shafe fuska, don ana iya sake gina fuskar mutum daga hoton 3D.

Sai gyaran rashin daidaiton haske da N4. Kwalkwalin da ke karɓar sigina ya fi jin abin da ke kusa da shi, shi ya sa gefen kai kan fi tsakiya haske, abin kuma ya fi tsanani a Tesla 3. In ba a gyara ba, manhaja za ta ga lafiyayyen nama a gefe ta ce tabo ne, ta kuma bar tabon gaske a tsakiya. Sai dai kada a matse ragar N4 ta yi ƙanana da yawa, in ba haka ba za ta ɗauki babban tabon da ya haɗe a matsayin matsalar haske ta dusashe shi.

Daga nan a ɗora FLAIR a kan T1, salon hoton da ke nuna tsarin nama sosai, ko T1 a kan FLAIR, da daidaitawa mai tauri: gusawa ta fuska uku, juyawa ta fuska uku, ba miƙewa ba lanƙwasawa, tunda kai ɗaya ne. FLIRT ko ANTs duk suna yi. Ni dai ra'ayina FLAIR ya zauna inda yake a kawo T1 wurinsa, domin a FLAIR ake ganin tabon, kuma duk sanda aka sake lissafa boksil hoto yana ɗan dusashewa. Tabo mai boksil 14 ba ya jure dusashewa sau uku. Idan akwai daidaitawa fiye da ɗaya, a haɗa lissafinsu wuri ɗaya a sake zana hoton sau ɗaya tak. Ita kuma taswirar tabo, in za a gusar da ita, a yi amfani da hanyar ɗaukar boksil mafi kusa, don kada 0 da 1 su koma 0.4 da 0.7.

Cire ƙoƙon kai: BET na ƙunshin manhajojin FSL ya daɗe ana amfani da shi, amma HD-BET da SynthStrip sun fi shi jure hotuna iri-iri. Abin dubawa biyu ne. Ragowar kitse ko fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa idan ta saura tana haske a FLAIR, ta zama tabon ƙarya. Idan kuma yankan ya ci cikin ƙwaƙwalwa, tabban da ke manne da ɓawo sun tafi ke nan.

Na ƙarshe daidaita ma'aunin haske. Lambobin MRI ba irin na CT ba ne, ba su da tsayayyen ma'auni. 400 a wannan na'ura ba 400 ba ce a waccan. An saba cire matsakaicin hasken ƙwaƙwalwa a raba da yawan bambancinsa, amma ga mai tabba da yawa, tabban kansu suna jan matsakaicin sama. WhiteStripe ta fi dacewa da irin wannan, don tana auna komai ne da lafiyayyen farin nama kawai.

Bayan manhaja ta gama, abin da take bayarwa taswirar yiwuwa ce, kowane boksil da lamba tsakanin 0 da 1. Kai ne za ka sa iyaka. An fi sa 0.5, amma ba doka ba ce. Ka zaɓe ta da hotunan na'urarka da likita ya zana, kada ka taɓa ta kuma bayan ka fara gwaji. A LGA, ɗayan ɓangaren LST da ke buƙatar T1 da FLAIR tare, akwai lambar kappa, wato iyakar da take fara neman tabo da ita, da take zuwa a 0.3, ita ma sai an saita ta da na'ura. Sannan yadda kake ƙirga tabo yana canza adadi: idan boksil biyu da suka taɓa juna ta kusurwa kawai ka ɗauke su ɗaya, wato maƙwabtaka 26, adadin zai fi ƙanƙanta a kan wanda ya ce sai sun haɗa fuska, wato maƙwabtaka 6. Ka tsaya a kan ɗaya. A ƙarshe ka zubar da duk abin da bai kai girman tabon milimita 3 ba, yawancinsu hayaniyar hoto ce.

In kana neman abin da ya fi jure canjin na'ura, gwada SAMSEG da ke cikin FreeSurfer, an gina ta ne ta koyi hasken kowane hoto daga hoton kansa, kuma tana da tsarin bibiya na hotuna da yawa. BIANCA ta FSL sai ka horar da ita da naka hotunan, kuma asalinta don fararen tabban tsufa da na ƙananan jijiyoyin jini aka yi ta.

Injiniya_MRI ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Dokta, na gode Malam. To idan hotunan nan biyu kaɗai ake da su, kuma ana so a san ko cutar ta motsa a shekarar, ba za a iya rage ingancin na biyun ba, a mayar da shi yanka mai kaurin milimita 5, don su zo daidai?

Dokta_Hoto ta amsa:

Ana yi, kuma yana taimaka wa ido. A ɗora 3D ɗin a kan tsohon hoton, a tara kowane yanka biyar na milimita 1 a ɗauki matsakaicinsu a daidai kusurwa da wurin tsohon yankan, a tsallake inda tazara take. Sai a jera su gefe da gefe. Tabon da ya ɓace bayan wannan, to da ma tsohon hoton ba zai iya nuna shi ba, ba a da hujjar kiransa sabo. Wanda ya tsaya da haskensa, babba, a wurin da bara babu komai, wannan sabo ne.

Abin da wannan dabarar ba ta gyarawa shi ne bambancin haske tsakanin tabo da nama. Lokutan aika sigina da karɓarta da aka saita wa 2D da 3D ba ɗaya ba ne, ƙarfin maganaɗisu ma ba ɗaya ba. Don haka gefen tabo zai faɗa wuri daban, jimlar mililita kuma ba za ta gwadu ba. Kada lambar girma ta shiga rahoto.

Malama_Data ta amsa:

Bari in taɓa batun Dice, don ana yawan yi masa gurguwar fahimta.

Dice ninki biyu ne na boksil ɗin da taswirori biyu suka yi tarayya a kai, a raba da jimlar boksil ɗinsu duka. Ɗauki tabo mai siffar akwati, boksil 3 ta kowane gefe, jimla 27. A ce manhaja ta gano shi daidai girmansa, amma ta gusa da boksil ɗaya kacal. Tarayyar ta koma 18, Dice ya zama 0.67. Yi wannan gusawar ga akwati mai boksil 20 ta kowane gefe, Dice 0.95 ne. Kuskure ɗaya, maki daban. Saboda haka majiyyaci mai ƙananan tabba kaɗan zai ba da Dice maras daɗin gani ko da an gano kowane tabo, shi kuma mai manyan tabba da suka haɗe zai ba da maki mai kyau ko da ƙanana goma sun kuɓuce. 0.6 ɗinka ba ya faɗin komai sai an san yawan tabon da ke cikin hotunan. Likitoci biyu ma idan suka zana hoto ɗaya ba sa haɗuwa ɗari bisa ɗari, galibi a gefen tabo suke saɓawa. Shi ya sa a gasar manhajojin zana tabban MS mai suna MSSEG ta 2016 aka sa ƙwararru 7 suka zana hotunan majiyyata 53, aka haɗa matsaya guda daga zanensu, maimakon dogaro da mutum ɗaya.

Abin da ya kamata ka auna tare da Dice shi ne ƙirga tabo-tabo: cikin tabban da likita ya zana, nawa manhaja ta taɓa, cikin waɗanda manhaja ta zana, nawa ne na gaske. Ka raba sakamakon bisa girma da kuma wuri, za ka ga inda take faɗuwa. Kada ka kula da makin da ke cewa kashi 99 cikin 100 na boksil an yi daidai. Tabban mililita 5 a ƙwaƙwalwar da ta haura mililita 1,000 ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba, manhajar da ba ta zana komai ba ma za ta ci wannan makin.

In za ka horar da taka, raba bayanai bisa majiyyaci. Idan hoton bara na mutum yana cikin na horo, na bana kuma yana cikin na gwaji, manhajar ta riga ta ga tabbansa, makin da za ta ba ka na bogi ne. Ka kuma ware na'ura guda gaba ɗaya don gwaji kawai, a nan ne za ka ga gaskiyarta.

Sai babban batu, wanda shi ne tushen matsalarka: neman sabon tabo aiki ne daban da zana tabba. Zana hoton bara, zana na bana, a ɗebe wannan daga wancan, wannan hanya tana tara kuskuren zane biyu, kuma kuskuren yakan fi canjin da ake nema girma. Abin da ya fi shi ne a ba manhaja hotunan biyu tare. A daidaita su zuwa tsakiya, kowanne ya gusa rabin hanya, don dusashewar ta zo musu daidai. A daidaita haske. A ɗebe hoto daga hoto. Tsofaffin tabba su shafe juna, sabo ya fito fari, wanda ya ragu ya fito baƙi. Gasar MSSEG-2 ta 2021 a kan wannan aikin kaɗai aka yi ta, da majiyyata 100, kowanne da FLAIR biyu, 40 na horo, 60 na gwaji.

Inda hanyar ke tuntuɓe: ramukan ruwa suna faɗaɗa idan ƙwaƙwalwa ta ɗan motse, sai layin haske na bakinsu ya gusa ya bar fari da baƙi a jere. Duk inda ka ga fari da baƙi manne da juna, gusawa ce, ba tabo ba. Kada ka ce za ka magance wannan da daidaitawa mai lanƙwasa hoto sosai, don takan matse sabon tabon ta ɓatar da shi wajen ƙoƙarin mayar da hoton bana kamar na bara. Kuma lallai gwajinka ya ƙunshi majiyyatan da ba su da sabon tabo ko ɗaya, ka ƙirga tabban ƙarya nawa ake samu a kowane irin wannan hoto. Su ne mafi yawa a asibiti, kuma a kansu Dice ba ya ma lissafuwa.

Likitan_Jijiya ya amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ina da ƙari daga ɓangaren masu duba majiyyaci, da kuma ɗan saɓani da Malam Mai_Lissafi.

Zubar da duk abin da bai kai milimita 3 ba daidai ne wajen tabbatar da cuta da farko. Wajen bibiya kuwa, na fi so manhaja ta nuna su da wani launi daban a bar likita ya yanke hukunci, musamman a kututturen ƙwaƙwalwa, inda ɗan ƙaramin tabo ke iya haddasa ganin abu biyu-biyu ko jiri. A goge su a ɓoye bai yi mini ba.

Abu na biyu, manhajojin nan fari suke ganowa, ba MS ba. Hawan jini, ciwon suga, tsufa da ciwon kai na ɓari ɗaya duk suna barin fararen ɗigo a FLAIR. Wasu cututtukan garkuwar jiki, NMOSD da MOGAD, su ma suna kama da MS a hoto, alhali maganinsu daban ne, wasu magungunan MS ma suna tsananta NMOSD. Abin da ke bambancewa shi ne wuri da siffa. Ƙa'idojin McDonald na tabbatar da cutar MS, bugun 2017, sun nemi tabo a aƙalla biyu cikin wurare huɗu: manne da ramukan ruwa, cikin ɓawon ƙwaƙwalwa ko manne da shi, ƙeya, da laka. Gyaran 2024 ya ƙara jijiyar gani ta zama ta biyar. Kalmar manne tana da nauyi a nan: dole tabon ya taɓa bangon ramin ko ɓawon, ba lafiyayyen farin nama a tsakani. Manhajar da ke raba wurare da nisan milimita kaza daga rami za ta kira tabon jijiyar jini da ke kusa da ramin da sunan da ba nasa ba, rahoto ya fito kamar an cika ƙa'ida. Tabban MS sukan yi siffar ƙwai, su miƙe daga bangon rami kamar yatsu, abin da ake kira yatsun Dawson, suna kuma cin gajerun jijiyoyin da ke ƙarƙashin ɓawo kai tsaye, waɗanda cutar ƙananan jijiyoyin jini kan ƙyale. Sannan biyu daga cikin wurare biyar ɗin, laka da jijiyar gani, manhajar hoton ƙwaƙwalwa ba ta duba su.

Alamar da ta fi taimakawa yanzu ita ce jijiyar jini a tsakiyar tabo, tunda tabon MS a kewayen ƙaramar jijiya yake tasowa. Ba a ganinta a FLAIR shi kaɗai, sai da T2* ko SWI, salon hoton da jijiyoyin jini ke fitowa baƙi a cikinsa, ko a haɗa su da FLAIR. A bincike an yi amfani da iyakar kashi 40 cikin 100 na tabba, akwai kuma hanya mai sauƙi ta neman tabba 6 masu alamar. Ita da baƙin zoben ƙarfe da ke kewaye wasu tsofaffin tabba sun shiga gyaran 2024. Wanda ke shirya tsarin ɗaukar hoto yau, ya dace ya saka su tun yanzu.

Game da gadoliniyam, ruwan allurar da ke sa tabo mai aiki ya haska a T1: milimol 0.1 ga kowane kilo na nauyin jiki, a jira aƙalla minti 5 kafin a ɗauki T1. An yi gaggawa, tabo mai aiki ba zai haska ba. Haskawar ta makonni kaɗan ce, kuma allurar sitiroyid mai ƙarfi tana kashe ta, don haka sai an san ranar da aka ba majiyyaci magani kafin a fassara hoton. Manhaja a nan ta fi ruɗewa da jijiyoyin jini, don su ma suna haskawa. Abin da ya haska a T1 amma babu tabo a wurinsa a FLAIR, kusan kullum jijiyar jini ce.

Dalilin da ya sa muke tsananta wa tabon ƙarya: sababbin tabba a hoton bibiya suna cikin abin da ke sa a ce magani ya gaza, a koma wani mai ƙarfi da haɗarinsa ya fi yawa. Saboda haka ma ake sake ɗaukar hoton mafari wata 3 zuwa 6 bayan fara magani, don kada a ɗora wa maganin tabban da suka fito kafin ya kama aiki. Manhaja tana buƙatar a gaya mata wanne ne hoton mafarin, ba ta ɗauki mafi tsufa a jaka kawai ba. A kuma tuna LST da SAMSEG da BIANCA kayan bincike ne. Wadda za a yi hukuncin magani da ita sai mai izinin hukuma, irin na FDA a Amurka ko alamar CE a Turai, kuma duk da izinin likita ne zai duba kowane tabon da ta nuna kafin ya sa hannu.

Mai_Lissafi ya amsa:

Na karɓi gyaran, Likitan_Jijiya. A layin aiki abu ne mai sauƙi: taswira biyu, ɗaya ta tabban da suka kai girma wadda ake lissafi da ita, ɗaya ta ƙanana wadda ake nunawa kawai.

Injiniya, abu ɗaya da ban faɗa ba. Idan daga baya za ka auna motsewar ƙwaƙwalwa da hotunan T1, sai ka fara cike tabban da hasken lafiyayyen farin naman da ke kewaye da su. Tabban MS duhu suke yi a T1, manhajar raba nama sai ta lissafa su cikin toka-tokan nama, ma'aunin ya karkace. FSL tana da lesion_filling don wannan, LST ma tana da nata. Ka faɗaɗa taswirar da boksil ɗaya kafin cikewa don gefen tabon ya shiga, amma ka tabbata faɗaɗawar ba ta tsallaka cikin ramin ruwa ko ɓawo ba, in ba haka ba za ka cike su da farin nama su ma.